Wankan Nababa

Gummi, 13 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma ka fara sabawa da abincin Offa da 'yan makarantar da aka ba ka. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, ƙanwarka Rakiya ma haka. Damina ta yi kyau, an fara yankan gero.

Ka dai ji an rufe layukan waya a jihar nan saboda ɓarayin daji. Rakiya har kan katanga ta hau tana ɗaga wayarta sama, ba ta samu komai ba sai faɗan Inna. Yahaya direba ya ce har yanzu yana kai kaya Ilorin, zai bar maka takardar nan wurin mai shayin tasha da ka sani.

Maganar yaron Inna ce, Nababanku. Ƙurajen nan da ka bari a kumatunsa sun bazu. Sun kama goshi da ƙirji da bayan hannuwa, fatar ta bushe ta yi kaushi tana tsagewa. Goga fuskarsa yake yi a duk abin da ya samu, har zanin shimfiɗa yakan yi jini. Barci kuwa ba shi ba ni.

Ranar da muka kai shi rigakafi ni da Rakiya, ma'aikaciyar ta dube shi ta tura mu wurin likita. Likita ya ce kirci ne mai tsanani, ba ƙazuwa ba ce, ba a ɗauka, kuma ba daga nonona ba ne. Ya ba mu wani mai a cikin abin matsawa irin na man goge baki. Na kwafo maka abin da aka rubuta a jiki: Hydrocortisone 1%. Ya ce a shafa safe da yamma inda ya yi ja kawai, sauran jiki kuma a yi ta shafa basilin. Ya ce a daina ruwan zafi, a daina soso da sabulun salo.

To ka san gidanku. Wankan yaron na Inna ne tun ranar da na dawo daga wankan gida. Ɗan fari ne, ko ɗaukarsa ba na yi a tsakar gida sai ta miƙo mini shi don nono, shi ma sai na shige ɗaki. Da wane baki zan ce wa Inna ta daina wankan da ta yi muku duka kuka girma? Rakiya ta ce ita ma ba ruwanta. Saboda haka man likita a ɓoye nake shafa masa, idan na shiga da shi ɗaki. Kuma wallahi an samu sauƙi, jan ya ragu, jiya har ya yi barcin rana. Inna ta ce ganyen dogon yaron da ta ƙara a ruwan wanka ne. 

Abin da nake so ka gaya mini shi ne, man nan ba ya cutarwa? Ka san abin da ya faru a garinmu Yargalma ina yarinya. Ƙanena Kamalu yana wasansa lafiya lau, ashe gubar dalma tana cikin jininsa, ba mu sani ba sai da ya fara jijjiga. Tun daga nan ciwon da ake gani bai kai mini tsoron abin da ke shiga jiki shiru ba. Kai ka yi karatun irin waɗannan abubuwa. Ka faɗa mini gaskiya, kada ka lallashe ni.

Matarka,
Sahura


Offa, 19 ga Satumba, 2021

Sahura,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki yau da hantsi, na ji daɗi ƙwarai. Ina lafiya, sai mura kaɗan wadda ta riga ta wuce. Ki gaishe mini da Inna da kyau, da Rakiya. A tsaye nake rubutun nan, Yahaya ya ce da an gama lodi zai juya.

Kin ce kada na lallashe ki, to ba zan yi ba. Amma ki fara riƙe wannan: ni ilmin sinadarai na karanta, ba likitanci ba. Na san yadda aka haɗa man, ban san jikin jariri ba. Abin da zan faɗa miki wani daga karatuna ne, wani kuma yanzu na duba a waya.

Haidrokotison yana cikin dangin magungunan da ake kira sitiroyid. Aikinsa kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, ba ya kashe ciwon daga tushe. Dangin nan suna da masu ƙarfi da marasa ƙarfi, kuma wanda aka ba ku, kashi ɗaya cikin ɗari, yana cikin mafi rauni. Masu ƙarfin su ne ake samu a wasu mayukan bilicin da mata ke saye a kemis. Idan aka daɗe ana shafa irin waɗannan, fata takan yi siriri, takan yi haske, jijiyoyi su fito. Kuma gaskiya ne wani ɓangare na man yakan ratsa fata ya shiga jini, kuma ya fi ratsa ta jariri, musamman a fuska da inda ta tsage. Nawa ne ke shiga daga irin naku, ban sani ba, kuma ba zan faɗi adadin da ban tabbatar ba.

Ba da dalma za a kwatanta shi ba, wannan na tabbata. Amma ni dai har ga Allah da na fi so a ce ba mu kai ga shafa wa ɗan wata biyar irin wannan abu ba. Akwai wata likita 'yar bautar ƙasa irina a asibitin garin nan, zan same ta cikin satin nan na tambaye ta dalla-dalla, sannan na rubuto miki.

Maganar ruwan zafi kuwa likitan ya yi daidai, zafi da sabulu suna kwashe maiƙon fata. Ki samu lokacin da Inna take cikin raha ki gaya mata a hankali. Ban ga abin wahala a nan ba, Inna mai fahimta ce.

Ki yanke masa farce. Ki duba ko rigunansa na auduga ne, waɗanda aka kawo ranar suna yawancinsu leda ne. Ga basilin babba nan na ba Yahaya, marar ƙamshi, na karanta jikin kwalbar kafin na saya.

Allah ya ba shi lafiya.

Halilu


Gummi, 8 ga Oktoba, 2021

Malam,

Sallama da gaisuwa. Ina fata murar ba ta dawo ba. Inna lafiya, sai ƙafarta da ke damunta da sanyin safe. An kai gero rumbu. Basilin ya iso, na gode.

Na bi maganarka, na daina shafa masa man tun ranar da takardarka ta zo. Na karanta ta har na kusa haddacewa. Ka ce yana shiga jini, ka ce da ka fi so ba a shafa ba. Kuma abin da ka faɗa na gani da idona, don wuraren da suka warke a kumatunsa sun yi fari-fari, sun fi sauran fuskar haske. Kulu maƙwabciyarmu ta shigo aron turmi, ta leƙa shi a cinyar Inna ta ce, cikin wasa, ko angon Inna ya fara bilicin ne don ya yi mata kishiya. Kowa ya yi dariya. Ni na shiga ɗaki na ɗauki man na jefa shi ƙasan akwati.

Amma Malam, abin ya dawo, kuma ya fi na da. Yanzu har fatar kai da ƙwauri. Kumatun suna ɗigar da ruwa-ruwa, riga tana mannewa, in za a cire sai ya yi ta tsala kuka. Na ɗinka masa safar hannu da tsohon ɗankwalina, yana cire ta da baki. Basilin nake shafawa kaɗai, kamar ina zuba ruwa a rairayi.

Inna ta ce ciwon yana fitowa ne, gara ya fito duka. Ta ƙara ganye, ta sa an samo mata saiwar wani abu daga Anka, wanka ya koma sau uku, kuma ruwan sai yana tururi. Tana dirza shi da soso don ɓawon ya fita, tana yi masa waƙa tana kiransa maigidanta, ita ma idonta da hawaye. Ba mugunta ba ce, ka san yadda take son shi. Ni ina bakin murhu ina jin kukan, ina tuƙa tuwo kamar ɗan wani ne ke kuka.

Ka ce na gaya wa Inna, ba ka ga abin wahala ba. Kai namiji ne, kuma kana Offa. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarta na durƙusa, sai na ƙare da tambayar me za a dafa. In na buɗe baki a kan yaron nan, gobe unguwa duka ta ji cewa matar Halilu ba ta da kunyar ɗan fari, har tana koya wa uwar miji wanka. Kuma sai ta tambaye ni wa ya ce, sai maganar man da na ɓoye ta fito.

Ina jiran abin da likitarka ta ce. Yahaya ya daɗe bai tafi ba saboda wahalar mai, ban san ranar da wannan za ta same ka ba.

Sahura


Offa, 24 ga Oktoba, 2021

Sahura,

Ina lafiya, ina fata ku ma. Yau takardarki ta iso, kuma da na ga ranar da kika rubuta ta gabana ya faɗi, don ban san halin da yake ciki yanzu ba.

Ban ce ki daina ba. Na zauna na tuna kowane layi, ban rubuta haka ba. Amma na gane yadda aka yi, na jera miki illoli na rufe da abin da raina ya fi so, kuma na san abin da Yargalma ta bar miki. Ki ɗauko man daga akwati. In ya lalace ki koma a ba ki wani.

Na ga likitar tun ƙarshen wancan wata, na rubuta miki, takardar ta kwana a aljihuna har ta yi laushi don babu mai kaiwa. Ga abin da ta ce. Irin man da aka ba ku shi ake ba jarirai ko'ina, kuma in an bi yadda likita ya ce, na ɗan lokaci, a inda ya yi ja kawai, abin da ke shiga jini kaɗan ne ƙwarai. Illolin da na lissafa miki na masu ƙarfi ne da ake shafawa wata da watanni ba bisa ƙa'ida ba. Farin da kika gani a kumatunsa ta ce kusan kullum sawun ciwon ne ba na man ba, fata mai duhu takan yi haka bayan kumburi, kuma launin yakan dawo a hankali. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne fatar da aka bari a buɗe, don ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga. Na tambaye ta ko man kaɗe zai iya maye gurbinsa, ta ce yana iya taimakawa wajen laushi kamar basilin, amma ba ya kashe wutar ciwon.

Ki duba shi da kyau da rana. Idan kin ga ɓawo rawaya kamar busasshiyar zuma, ko ƙuraje masu ruwa da suka fito tare, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi nono, kada ki jira Yahaya, kada ki jira ni, kada ki jira kowa. Asibiti, a ranar. Ruwa-ruwan da kika ambata ma ya isa a kai shi.

Na yi tunanin tahowa. Na nemi izini, shugaban makaranta ya ce sai an gama jarrabawar tsakiyar zango, kuma Yahaya ya ce hanyar ba a binta yadda aka ga dama. Ina nan ina lissafi, ban yanke ba.

Maganar Inna, kin yi gaskiya, na ɗauke ta da sauƙi don ba ni zan durƙusa ba. Ga takarda nan daban na rubuta mata. Ki ba Rakiya ta karanta mata, don maganar ta fito daga bakina ba naki ba. Ban ambaci man ba.

Halilu


Zuwa ga Inna,

Gaisuwa da ban girma, da neman albarka. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ina nan lafiya da addu'arki.

Inna, na ji irin wahalar da kike yi da Nababa dare da rana, Allah ya saka da alheri. Na yi wa wata likita a nan bayanin ciwonsa. Ta ce irin wannan fatar ba kamar tamu ba ce da kika wanke muka yi ƙwari, tasa a tsage take, shi ya sa zafi da soso ke ƙara mata ciwo ko da hannun mai wankan yana da albarka. Ina roƙon alfarma, a gwada ruwa mai ɗumi kaɗan, wanda in an tsoma gwiwar hannu ba a jin zafi ba a jin sanyi, sau ɗaya a rana, ba sabulu, kuma a sake kai shi asibiti. In na yi kuskure a maganata a yafe mini.

Ɗanki,
Halilu


Gummi, 15 ga Nuwamba, 2021

Malam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Kafin komai, yaron yana nan da sauƙi, yana shan nono, yana barci. Ka zauna ka gama aikinka, kada ka biyo hanyar nan. Inna da Rakiya lafiya.

Takardunka sun zo bayan an riga an yi komai. Abin da ka ce na duba duk ya faru kafin na karanta. Wata Juma'a ya tashi jikinsa zafi rau, kumatun sun yi ɓawo rawaya, na ba shi nono ya kau da kai. Inna ta ɗora ruwa da ganye ta ce zazzaɓin haƙori ne. Ranar kuwa gidan cike yake, Kulu da wasu mata sun zo taya mu surfe. Ina tsaye da taɓarya na ga Inna ta kwance masa riga, na ga tururin da ke tashi daga baho. Ban san lokacin da na ajiye taɓaryar ba. Na je na ɗauke shi daga cinyarta a gaban kowa, na goya shi, na ce, “Inna, asibiti zan kai shi.”

Turmi ya tsaya. Na ji wata ta ce yaran yanzu ido ya buɗe. Ban waiga ba, ko takalmi sai a zaure na saka. Na yi nisa kafin na lura Inna tana bayana da mayafinta, tana jan ƙafar nan, ba ta kira ni ba kuma ba ta koma ba.

An kwantar da mu. Likita ya ce cuta ta shiga ta inda fatar ta tsage, aka yi masa allurai, daga baya aka koma maganin sha. Ya tambaye ni ina man da ya ba ni, me ya sa na daina alhali ya fara aiki. Inna tana zaune a bakin gado. Na faɗi gaskiya, na ce tsoro na ji, ban kawo sunanka ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce mini abin da likitarka ta ce, kusan kalma da kalma, har maganar farin kumatu. Ya nuna mini awo, daga kan yatsa zuwa gaɓar farko, ya ce wannan ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu. Sannan ya tambayi wa ke yi masa wanka. Inna ta ce ita ce. Ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata bayanin ruwa da soso a hankali kamar yana magana da mahaifiyarsa. Ta saurara har ya gama.

Sai a hanyar dawowa gida ta yi magana, ba ta ma dube ni ba. Ta ce, “Ashe wancan sauƙin ba ganyena ba na.” Wallahi da ta zage ni da ya fi mini.

Kwanakin da suka biyo baya gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ba ta ɗora ruwan wanka ba, ni ma ban isa na ɗora ba, sai goge shi nake yi da tsumma a ɗaki. A lokacin takardunka suka zo. Tata tana nan a wurina, ban ba Rakiya ba. Ka yi haƙuri. Takardar ta yi kyau, amma likita ya riga ya faɗa mata a gabana, in ɗanta ya sake faɗa mata ta bakin 'yarta sai ya zama mun taru a kanta.

Ranar Laraba da hantsi na fito na tarar da baho a ƙofar ɗakina, da ruwa a ciki, da tawul a ninke, da kwalbar basilin a kai. Na tsoma gwiwar hannu, daidai yake. Inna ta fito da mayafi ta ce da ƙarfi, kamar da katanga take magana, za ta je duba uwar Kulu da ba ta da lafiya, Rakiya ta tashi ta raka ta, kuma ba za su dawo da wuri ba. Ta ajiye yaron a tabarma, suka fita, ta ja ƙyauren zaure.

Tun ranar kullum haka ake yi. Da hantsi baho yana ƙofata, Inna kuma tana da wanda za ta gaisar. Kulu ta ce Inna ta duba duk marasa lafiyar unguwa, yanzu ta koma kan waɗanda suka warke tun bara.

Ciwon bai tafi ba, kada ka ɗauka ya tafi. Likita ya ce zai riƙa tashi yana kwanciya, wataƙila har ya yi wayo, kuma mu koma ya gan shi ƙarshen wata. In ya yi ja na shafa man yadda aka nuna mini, in ya kwanta na tsaya a basilin. Har yanzu nakan tsaya na dubi man in na matsa shi a yatsa, amma ina shafawa, kuma a kan taga yake zaune yanzu.

Malam, wata bakwai da haihuwarsa ban taɓa yi masa wanka ba. Ban san yana da santsi haka ba, ranar farko sau biyu yana neman kuɓuce mini. Ban san yana dukan ruwa da ƙafa yana dariya ba. Ashe ba wanka yake ƙi ba.

Ban iya ba tukuna. Yau da Inna ta dawo ta ɗauke shi ta shinshina kansa, ta ɗaga haɓarsa ta duba wuya, ta juya shi. Ina bakin murhu. Sai ta ce da Rakiya, “Ki faɗa ma mai wankan ga, maigidana yana da bayan kunne.”

Gobe zan wanke.

Matarka,
Sahura